Matakalar da Ban Faɗa wa Abah Ba

Acil Rahimah, gwaggonmu mai amsa wasiƙun jama'a, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin kwana tara kawai suka rage mini. Wannan ce wasiƙa ta uku da na fara rubuta miki. Biyun farko na goge su, saboda na tarar ina ta wanke kaina a ciki. Wannan karon zan faɗi abin yadda yake, ko da zai fito a hargitse. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Shekarata talatin da ɗaya. Ni da mahaifina muke zaune, mu biyu, a gidan katako kan ginshiƙai a bakin kogi nan garin Banjarmasin, gidan da aka haife shi a ciki. Abah, kamar yadda nake kiransa, ya rasa ganinsa shekara goma sha biyu da suka wuce, ciwon suga ne ya ci idanun, bayan shekara biyu kuma Mama ta rasu. Da can kwalekwale mai inji yake tuƙawa. Da idon ya tafi sai ya koyi tausa, yanzu shi ne sakataren ƙungiyar makafi masu tausa ta unguwarmu, su goma sha ɗaya. Kada ki ɗauka mutum ne abin tausayi. Ya fi ni iya waya da kwamfuta. Yana da manhajar da take karanta masa duk rubutun da ke kan allo da murya, ya ƙure mata gudu har ni ba na gane abin da take cewa, shi kuwa yana kiranta Uwar Surutu.

Abu ɗaya ne ya gagari Uwar Surutu, shi ne hoto. In ta zo kansa a cikin takarda sai ta ce "hoto" kawai ta wuce, Abah ya buga tebur ya ce, "Hoto, hoto! Hoton uban wa?" Ni kuwa aikina buga takardu a wani ofishi, a can na koyi cewa bayan kowane hoto akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta bayaninsa. Mai ido in ya buɗe takardar ba ya ganin wannan rubutun, hoton kawai yake gani. Amma manhajar in ta iso wurin sai ta karanta wa makaho abin da aka rubuta. Ranar da na fara yi wa Abah haka, katin gayyatar biki ne, ya saurara har sau huɗu, ya ce, "Galuh, ashe haka ake yi kika bar ni ina zagin baiwar Allah?" Galuh yake ce mini tun ina ƙarama.

Shekara takwas ke nan ina yi. Littafin koyon tausa mai zanen jijiyoyi arba'in da wani abu, ni na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Takardun asibiti, sanarwar unguwa, taswirar hanyar mota. Tun ina yi wa Abah shi kaɗai har ƙungiyar duka ta dogara da ni. Sukan ce takardar da ba ta ratsa hannun Galuh ba, rabinta aka ba su.

To, ga inda na ɓata. Wata biyu da suka wuce masu aikin gyaran bakin kogi suka sanar da cewa za a tashe layinmu. An ba kowane gida zaɓi biyu: ko ɗaki a sabon gini mai hawa biyar da aka riga aka gama, a shiga watan gobe, ko a jira shekara guda a gina ƙananan gidaje na ƙasa a bayan kasuwa, kafin nan kowa ya zauna inda yake. Suka aiko da takarda mai shafi ashirin da biyu da hotuna goma sha huɗu, babu bayani ko a ɗaya. Abah ya turo mini ita ina ofis, ya ce in cika masa.

Acil, ni so nake mu bar bakin kogin nan jiya ba yau ba. Damina da ta wuce katakon 'yar gadar da ke haɗa ƙofarmu da tudu ya karye da Abah, ya faɗa ruwa har ƙirji, sandarsa ta tafi, maƙwabciyarmu ce ta ji ihunsa ta jawo shi. Ni ina ofis ina buga takardar wani. Tun ranar in wayata ta yi ƙara da rana sai in ɗauka a guje, ina zaton ya sake faɗawa. In kogi ya cika ruwa har idon sawu yake shigo mana. Shekara guda kuma? Wata damina kuma? Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kaina. Akwai na biyu, wanda ba na son faɗa: daga sabon ginin zuwa ofishinmu minti goma sha biyar ne a babur, daga gida kuwa awa ɗaya da rabi nake yi kullum a tafiya, haka ma a dawowa. Na gaji. Na faɗa miki zan faɗi gaskiya.

Sai na buɗe hotunan. Na huɗu ƙofar shiga ce, a gabanta akwai kwata buɗe mai faɗi, an gitta mata siririn kankare guda ɗaya. Na rubuta, "Ƙofar shiga gini, mai faɗi, an yi mata koren fenti." Na shida matakalar bene ce, ƙunci gare ta, marikin hannun gefe ɗaya ne kuma ya katse a kan kwana. Na rubuta, "Cikin gini, akwai haske da iska." Na tara masallaci ne, tsakaninsa da ginin titi mai layi huɗu, manyan motoci suna ta wucewa, babu wurin tsallakawa. Na rubuta, "Masallaci yana kallon ginin, kusa ƙwarai." Na goma sha biyu lambu ne mai bishiyoyi da bencina, sai dai ba hoto ba ne, zane ne na kwamfuta, yaro ma ya gani ya san ba a shuka ko ciyawa ba. Na rubuta, "Lambu mai inuwa da wurin zama." Hotunan filin bayan kasuwa kuwa ban rage musu komai ba, na lissafa taɓo da shara da karnuka har da wanda ban tabbatar kare ba ne.

Lokacin da nake bugawa ban ji komai ba. Fentin ai kore ne. Hasken ma akwai shi. Na ce a raina in mun shiga zan riƙa kama hannunsa har ya saba, Abah ai ba ya wuyar sabo. Da na koma gida ya tambaye ni, "Hawa biyar, da me ake hawa?" Na ce, "Ban duba sosai ba, Abah, amma ai ginin zamani ne." Ya ce to.

Abin da ban lissafa ba, tun daga ofis na mayar masa da ita a cike, kuma tun kafin in iso gida ya riga ya tura wa ƙungiya takardar. Bakwai daga cikinsu a layinmu suke.

Ranar Juma'a da la'asar suka taru a barandarmu, na kawo musu shayi da soyayyar ayaba. Sai babban cikinsu, Julak Masrani, wato Baffa Masrani a yarenmu, wanda suka yi makaranta da yayan Abah, ya ce shi fa ya sa wata sabuwar manhaja a wayarsa mai ƙoƙarin gane hoto da kanta, kuma ta ce masa na shida matakala ce, ba ta ce haske ba, ba ta ce iska ba. Ina tsaye da faranti a hannu. Abah ya yi dariya ya ce, "Wannan manhajar taka da ta ce hoton matarka buhun shinkafa ne?" Kowa ya fashe. Julak ya ce, "Buhu biyu ta ce, kada ka rage mata." Da dariyar ta lafa sai Abah ya ce, da muryar da ba ta wasa ba, "Shekara takwas yarinyar nan tana duba mana, ba ta taɓa ƙara mana ko rage mana ba. In na'ura ta ce wani abu, Galuh ta ce wani abu, ni na san wanda zan bi." Julak ya juyo da fuskarsa inda nake ya ce, "Yi haƙuri 'yata, tsufa ne." Shi ne ya ba ni haƙuri, Acil. Na ce ba komai, Julak. Na shiga ciki na ajiye farantin na rasa abin da na shigo yi.

A wannan zaman ne Acil Salasiah, wata dattijuwa 'yar ƙungiyar da ke layinmu, ta ce ta yanke shawara. Mijinta ya rasu, gwiwarta ta dama ba ta lanƙwasuwa, sallah ma a kan kujera take yi. 'Yarta da ke garin Martapura ta daɗe da keɓe mata ɗaki tana roƙonta ta koma can. Ta ce ta kira 'yar ta ce ta ba wa surukarta ɗakin, ita ta samu wuri mai lambu, kusa da masallaci, cikin 'yan uwanta. Tana ta maimaita "mai inuwa da wurin zama", kalmomina, yadda na rubuta su.

Ranar Asabar na hau babur na je ginin da kaina, ina fatan ko hotunan ne suka munana shi. Babu lif, wato na'urar hawa bene. Na ƙirga matakala sittin da takwas zuwa hawa na biyar. Mai gadi ya ce ɗakunan ƙasa shida ne kacal, kuma ƙuri'a za a yi a tsakanin gidaje tamanin. Barandar kowane hawa cike take da babura da igiyar shanya daidai wuya. Na tsaya bakin kwatar na rufe ido na ce bari in gwada taka kankaren, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Titin kuwa da idona biyu sai da na yi minti bakwai kafin in tsallaka. Wurin lambun tarin yashi ne.

Tun ranar ba ni da natsuwa. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa inda za ni. A ofis na buga wasiƙa ɗaya sau uku da kuskure iri ɗaya. Nakan buɗe takardar, in shiga gurbin hoto na shida, in goge, in rubuta gaskiya, in sake mayar da na da, in rufe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mai ido ko ɗaya a duniya da zai taɓa kama ni. Duk wanda ya buɗe takardar zai ga matakala da kwata ƙuru-ƙuru. Waɗanda na ɓoye wa su ne kaɗai ba za su iya dubawa ba.

Ranar Alhamis ta sama kowane gida zai sa hannu a kan zaɓinsa. Na yi tunanin in gyara bayanan shiru in ce ofishin ne ya aiko da sabuwar takarda. Na yi tunanin in ce hotunan ne ba su fito sosai a wayata ba. Na ma yi tunanin in yi shiru in je in roƙa wa Abah ɗakin ƙasa shi kaɗai, sauran kowa da rabonsa, sai na tuna gwiwar Acil Salasiah na ji kunyar kaina. In kuwa na faɗi gaskiya, na kunyata shi a gaban mutanen da ya tsaya mini. Kuma akwai wani tsohon hoton Mama da na rubuta masa bayaninsa shekara biyar da suka wuce, yana yawan sa Uwar Surutu ta karanta masa. Ina tsoron ya fara tambayar kansa ko murmushin da na ce tana yi a ciki ma ni na ƙara.

Har yanzu kuma, Allah ya sani, ba na son ya ƙara damina ɗaya a kan wannan ruɓaɓɓen katakon. Me zan yi?

'Yar bakin kogi

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ba zan ɓata miki lokaci da faɗa ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya fi nawa zafi, kuma kwanakinki ƙalilan ne.

Tsoronki gaskiya ne. Uban da ya faɗa kogi kina nesa, ba abin da za a ce ki manta ba ne. Gajiyarki ma gaskiya ce, kuma ba zunubi ba ne mace mai shekara talatin da ɗaya da ta riƙe gida ita kaɗai ta so sauƙi. Da kin zauna gaban Abah kin ce, "Ina tsoro, kuma na gaji, ina so mu tashi," da babu mai ganin laifinki. Laifin shi ne kin ɗauki wannan maganar kin cusa ta a wurin da shi yake zaton idonsa ne. Wannan ɗan gurbin da kike cikawa amana ce. Mai sauraro ba shi da hanyar sanin ina hoto ya ƙare, ina son ranki ya fara. Shawarar gidan da zai zauna tasa ce, kin yanke masa ita yana ganin shi ya yanke.

Ki bar maganar gyara a ɓoye. Julak Masrani ba yaro ba ne, mahaifinki ma haka. In sabuwar takarda ta zo da matakala a hoto na shida za su haɗa lissafin da kansu, a lokacin ƙarya biyu za su samu a hannunki maimakon ɗaya. Wanda ya faɗa da bakinsa yana da sauran abin tsayawa a kai, wanda aka gano ba shi da shi.

Gobe da safe, kafin ki fita, ki zauna da Abah ku biyu. Kada ki fara da damina da karyewar katako, zai zama kamar kina neman ya ba ki haƙuri ne shi ma. Ki fara da abin da kika yi: hoto kaza ga abin da ke ciki, ga abin da na rubuta. Duka huɗun, da amsar da kika ba shi a kan lif. Dalilanki su zo daga baya, su biyun, har da na nisan ofis. Zai yi fushi, watakila ya yi kwanaki bai ce Galuh ba. Ki jure, haƙƙinsa ne. Maganar hoton Mama kuwa kada ki jira ta ci shi a ciki. Ke ki ɗauko ta, ki ce masa gaskiya ne abin da kika rubuta, in yana so a kira wata daga danginta ta duba hoton ta faɗa masa da bakinta.

A ranar kuma, ba washegari ba, ki je wurin Acil Salasiah. Tata ce ta fi gaggawa, domin ita ta riga ta saki reshe. Ki faɗa mata, ki tsaya a wurin ta kira 'yarta kafin ɗakin ya tafi. Sannan Julak Masrani: a gaban mutane ya ba ki haƙuri, a gaban mutanen nan za ki mayar masa da abinsa. Ki tambayi Abah yadda yake so a sanar da ƙungiya, amma kada ki bari ya ɗauki nauyin a madadinki. Bakinki ne zai faɗa.

Sai aikin kansa. Ki sake rubuta bayanin hotunan goma sha huɗu, har da na bayan kasuwa da kika cika wa gishiri. A kowane hoto ki tambayi kanki abu ɗaya: mai ido in ya kalli wannan, me zai sani da zai taimaka masa ya yanke shawara? Shi za ki rubuta, a taƙaice, mafi muhimmanci a farko. Matakala, mariki gefe ɗaya, ya katse a kwana. Kwata buɗe, kankare ɗaya a kai. Zane ki ce zane ne. Abin da ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba. Launin fenti ya jira. Abin da kika gano da ƙafarki ranar Asabar, da ra'ayinki in kina da shi, ki sa su a fili a saman takardar da sunanki, inda kowa zai san ke ce ke magana. Daga yau kuma duk takardar da za a yanke hukunci a kanta, ki nemi wani mai ido na biyu ya karanta bayananki yana kallon hotunan. Ba don ke maƙaryaciya ce ba. Mutum goma sha ɗaya bai kamata su rataya a kan ido biyu kacal ba, kuma ke ma nauyin ya yi miki yawa.

Kafin Alhamis ɗin ku ɗauki mota ku je wuraren biyu, duk wanda zai iya. Su taka matakalar da sandunansu, su saurari titin da kunnensu. Sun fi ki sanin abin da za su iya da wanda ba za su iya ba, kina iya mamakin abin da zai dame su da wanda ba zai dame su ba. Sannan sakataren ƙungiya ya rubuta wa masu aikin wasiƙa da sunan su bakwai: a ba marasa gani da masu ciwon ƙafa ɗakunan ƙasa ba tare da ƙuri'a ba, a rufe kwatar, a ƙarasa marikin, a ƙara musu kwanaki in da hali, kuma nan gaba takarda ta zo da bayanin hotunanta tun daga ofis. Ba na yi miki alkawarin za a amsa duka. Amma roƙon mutum bakwai da suka san abin da suke nema ya fi naki ke kaɗai a ɓoye.

In Abah ya zaɓi jiran shekara guda, to ki nemo kafinta ya sauya katakon gadar a makon nan, a ɗaura igiya mai ƙarfi daga ƙofa zuwa tudu, ku yi magana da maƙwabciyar nan ta riƙa leƙa shi. Wannan ne maganin tsoronki da ba ya cutar da kowa.

Ba zan ce miki komai zai koma yadda yake nan da nan ba. Yarda in ta tsage ana ɗinke ta ne da ƙananan gaskiya masu yawa, kuma za ki sami damar yin su, domin takardu ba za su daina zuwa ba. Ki tashi ki je ki faɗa masa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa, ya sa duk inda su bakwai ɗin nan suka sauka ya zama sun zaɓe shi ne da saninsu.

Taki,
Acil Rahimah